Haɗa Tsarin Lissafi da Tsarin Agile a Ginin Manhaja

A fagen ginin manhajar kwamfuta, tsarin lissafi shi ne a rubuta abin da ake so manhaja ta yi cikin ƙa'idojin lissafi, sannan a kafa hujja cewa ba za ta kauce ba. Ya kafu ne a shekarun 1970: tsarin VDM ya fito daga ɗakin binciken IBM na Viyana, tsarin Z kuma Jean-Raymond Abrial ne ya faro shi, aka raya shi a Jami'ar Oxford. Da tsarin B, shi ma na Abrial, aka gina manhajar layi na 14 na jirgin ƙarƙashin ƙasa na Paris, wanda ya soma zirga-zirga ba direba a 1998. Aiki ne mai inganci, sai dai yana cin lokaci da kuɗi.

A Fabrairun 2001 mutum 17 suka taru a Snowbird, jihar Utah ta Amurka, suka fitar da sanarwar Agile, wadda ta fifita manhaja mai aiki a kan tarin takardu, a riƙa sakin aiki kaɗan-kaɗan ana gyara. Da yawa suka ɗauka tsare-tsaren biyu ba za su sha inuwa ɗaya ba.

Masu lissafi ne suka fara sassautawa. Tun 1996 Daniel Jackson da Jeannette Wing suka ba da shawarar a bar neman tabbatar da komai, a auna wurin da haɗari yake kawai. Daga 2011 injiniyoyin Amazon suka kama amfani da tsarin TLA+ na Leslie Lamport, har suka gano wani kuskure a manhajarsu ta DynamoDB da ba ya bayyana sai an bi matakai 35 a jere, abin da gwajin yau da kullum da wuya ya kama.

Labarin Facebook ya fi nuna inda gizo ke saƙa. Ya sayi kamfanin Monoidics a 2013 ya samu Infer, mai binciken manhaja da dabarun lissafi. Lokacin da ake tara kurakuran da ya gano a miƙa wa injiniyoyi daga baya, kusan ba wanda ke gyarawa, domin hankalinsu ya koma kan wani aikin. Da aka sa shi yin magana a daidai lokacin da mutum ya kawo sabon gyara a duba masa, kurakuran da ake gyarawa suka kai kusan kashi 70 cikin 100, alhali binciken bai canza ba.