Dutsen Kufena: Abin da mai shirin hawa a lokacin kaka ya kamata ya sani

Daga tsakiyar watan Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba ne masu sha'awar hawan dutse a arewacin Najeriya suka fi samun yadda suke so, domin a lokacin damina ta ɗauke, hazon hunturu kuma bai sauko ba.

Ga mazauna birnin Kaduna, ɗaya daga cikin duwatsun tarihi da ake iya zuwa a hau a kuma dawo gida a yini guda shi ne Dutsen Kufena, wanda ke yamma da birnin Zariya, kusa da Wusasa.

Tafiyar dai ta kusan kilomita 80 ce daga Kawo, a bi ta Rigachikun da Maraban Jos da Jaji, kuma matafiyi kan fara hangen dutsen tun kafin ya shiga gari.

Wane irin dutse ne?

Kufena na cikin duwatsun da ke tsaye su kaɗai a tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, waɗanda masana ke kira da wata kalma ta Jamusanci mai ma'anar tsibirin dutse.

Jikinsa irin dutsen nan ne mai tauri da ake fasawa a yi kwankare da shi. Masana ilmin ƙasa sun ce irinsa ya samu ne kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce a can ƙarƙashin ƙasa, daga baya ruwa da iska suka zaizaye abin da ke kewaye da shi, shi kuma ya rage a tsaye.

Zafin rana da sanyin dare da ruwan sama kan sa bayan irin wannan dutse ya riƙa ɓarewa falle-falle kamar albasa. Shi ya sa mai hawa zai tarar da falalen dutse mai santsi a wani wuri, a wani wurin kuma manyan duwatsu a jibge, wani kan wani.

Ta fuskar tsawo, Kufena ba ya cikin manyan duwatsun ƙasar. Chappal Waddi da ke jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsawo a Najeriya, ya kai mita 2,419 daga doron teku, tsaunukan Shere na kusa da Jos kuma mita 1,829. Ita kanta Zariya tana zaune ne a sama da mita 600 daga doron teku, don haka abin da mutum zai hau daga gindin Kufena zuwa ƙololuwarsa aikin 'yan sa'o'i ne, hawa da sauka.

Dutse kafin birni

Darajar Kufena a tarihi take. Birnin Kaduna dai Turawan mulkin mallaka ne suka kafa shi a fili, saboda kogi da layin dogo, kuma a shekarar 1917 ne gwamnatin Lugard ta maido da hedkwatar Arewa can daga Zungeru.

Tsofaffin biranen Hausa kuwa da dama a gindin duwatsu suka tashi. Kano ta faro ne daga Dala, inda Tarihin Kano ya ce Barbushe yake jagorantar bautar Tsumburbura. Haka nan garin Kwatarkwashi a jihar Zamfara, da Dutse a jihar Jigawa.

Marigayi Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya kafa cibiyar binciken tarihi ta Arewa House a Kaduna a shekarar 1970, na cikin masanan da suka yi bayani kan dalilin haka. A ra'ayinsa, mutanen da sun ɗauki irin waɗannan duwatsu a matsayin mazaunin iskoki, abin da ya riƙa jawo jama'a daga nesa su zo su zauna kusa da su.

Akwai kuma dalilai na rayuwar yau da kullum. Ruwan da ke gangarowa daga dutse kan taru a gindinsa, ƙasar wurin ta yi kyau da noma. Ana samun tama a yankin, wadda maƙera ke narkarwa su yi fartanya da makamai. Sannan wanda ke kan dutse yakan hango mahara tun suna nesa.

Bisa tarihin baka na Zazzau, cibiyar sarautar ta taɓa zama a Turunku, wadda yanzu ke cikin ƙaramar hukumar Igabi, tsakanin Kaduna da Zariya. Daga nan aka koma Kufena, kafin a kafa birnin Zariya na yanzu. Jerin sarakunan Zazzau ya sanya hawan Bakwa Turunku kan mulki a wajajen shekarar 1536, kuma ana cewa sunan 'yarta Zariya, ƙanwar Sarauniya Amina, aka sanya wa birnin.

Masana sun saɓa kan zamanin Amina. Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato farkon ƙarni na 15, yayin da ruwayoyin Zazzau ke kai ta ƙarni na 16.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne ganuwar ƙasa da aka kewaye gindin Kufena da ita. Masanin kufai ɗan Birtaniya, John Sutton, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, ya yi nazari kan ganuwar Kufena da ta Zariya, kuma dutsen yana cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Najeriya ke lura da su.

A gindin dutsen ne kuma 'yan mishan suka kafa Wusasa a shekarar 1929, bayan sun tashi daga cikin birnin Zariya. A nan ne tsohon shugaban ƙasa Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Me ya sa sai kaka?

A yankin Zariya ruwa kan sauka ne daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba. A tsawon wannan lokaci falalen dutse kan jiƙe ya yi gansakuka, kuma santsinsa na iya kayar da ko wanda ya saba. Ga kuma haɗarin tsawa ga wanda hadari ya rutsa da shi a ƙololuwa, inda babu mafaka.

Daga ƙarshen Nuwamba kuma iskar hunturu kan taso daga Sahara ɗauke da ƙura, ta yadda wata rana mutum ba ya iya ganin abin da ke nisan kilomita ɗaya ko biyu. Da bazara ta shigo a watan Maris, dutsen kan ɗauki zafi tun hantsi.

Makonnin kaka ne kaɗai ke haɗa busasshen dutse da sararin sama garau. A irin wannan rana, wanda ya kai sama yakan hangi tsohon birnin Zariya ta gabas, da Samaru ta arewa, da gonakin dawa da masara a shimfiɗe iya ganinsa. Daga can ne ake fahimtar abin da mutanen da suka gani har suka zaɓi wurin.

Shirin tafiya

Wanda zai taso daga Kaduna gara ya kama hanya bayan sallar Asuba, domin ya fara hawa kafin rana ta ɗaga. Ko a watan Oktoba zafin tsakar rana kan haura digiri 30 a ma'aunin Selshiyas, kuma a kan dutse inuwa kaɗan ce.

Rana kan faɗi da misalin ƙarfe shida na yamma, duhu kuma ba ya jinkiri. Don haka ya dace a ce kafin La'asar kowa ya sauko.

Ana bukatar takalmi sau-ciki mai ƙasan roba da ke kama dutse, da dogon wando, da hula mai faɗi, da ruwan sha da bai gaza lita biyu ba ga kowane mutum. Silifa da doguwar riga mai jan ƙasa ba su dace da wurin ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko asma ya nemi shawarar likita tukuna.

Waɗanda suka saba hawan dutse sun sha nanata cewa an fi faɗuwa wajen saukowa, lokacin da ƙafa ta gaji, hankali kuma ya koma gida.

Yana da kyau baƙo ya fara gaida mai unguwa ko dattawan wurin, ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora. A lokacin kaka dawa na tsaye ba a girbe ba, kuma ratsa gonar mutum ba da izini ba na iya jawo rigima.

Maciji da zuma

Ciyawa kan yi tsawo a ƙarshen damina, kuma lokacin girbi na cikin lokutan da aka fi samun saran maciji a arewacin Najeriya. Kububuwa, wadda ke son wuri mai duwatsu, ita ce ta fi yin kisa a yankin. A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su.

Likitoci na gargaɗin kada a tsaga wurin da maciji ya sara, kada a tsotse, kada kuma a ɗaure tamau. Abin da ake so shi ne a hana wanda aka sara yawan motsi, a gaggauta kai shi asibiti. Akwai asibiti a Wusasa, ga kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Zuma ma kan yi saƙa a tsagar dutse. Hayaniya da jifa da turare mai ƙarfi na iya tayar da ita, kuma gudu a kan gangare ya fi harbinta haɗari.

Batun tsaro

Matsalar tsaro ta taɓa harkar yawon buɗe ido a jihar Kaduna. A watan Afrilun 2019 'yan bindiga sun kai hari wurin shaƙatawar nan na Kajuru, wanda ke kan duwatsu a kudu maso gabashin Kaduna, inda suka kashe wata ma'aikaciyar agaji 'yar Birtaniya da wani ɗan Najeriya, suka kuma sace wasu.

A watan Yunin 2021 kuma an kai hari Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da ke Zariya, aka kashe ɗalibi ɗaya, aka sace wasu ɗalibai da malamai.

Saboda haka ba a hawa dutse mutum shi kaɗai. Ana tafiya ne a ƙungiya, a tambayi mutanen yankin halin da ake ciki kafin ranar, a sanar da iyali inda aka nufa da lokacin dawowa, a kuma guji bin hanya da dare.

Abin da ya rage na tarihi

Ganuwar ƙasa ba ta jure sakaci. Kowace damina ruwa kan ci wani ɓangare nata, noma da gine-gine da masu ɗibar ƙasa kuma su ƙarasa saura, kamar yadda ya faru da sassa da dama na ganuwar Zariya da ta Kano.

Mai ziyara na iya cin karo da tsingaro ko kashin maƙera a ƙasa. Masana kufai sun ce amfanin irin waɗannan abubuwa yana tattare ne da wurin da aka same su, domin da zarar an ɗauke, labarin da za su bayar ya ɓace. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi a shekarar 1979 ta hana lalata wuraren tarihi na ƙasa ko kwashe kayayyakinsu ba da izini ba. Rubuta suna da fenti a jikin dutse da zubar da ledoji da robobin ruwa su ma ɓarna ce.

Tun daga shekarar 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ke bikin Ranar Duwatsu ta Duniya a duk 11 ga watan Disamba. Sai dai a Zariya, kafin ranar ta zo galibi hazo ya riga ya lulluɓe Kufena.