MATAR SHUGABAN ƘASA DA BA TA TUƁE RIGAR ALƘALANCI BA

'Yan'uwana mata, ku yi min haƙuri, yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Labarin wata baiwar Allah ne da ya daɗe yana yi min yawo a rai.

Ina 'yar shekara goma Janar Sani Abacha ya rasu, ranar 8 ga Yuni 1998. Ba na mantawa, muna tsakar gida a nan Gwiwa, Baba ya kara rediyo a kunne ya hana kowa motsi. Washegari aka rantsar da Janar Abdulsalami Abubakar. Maza suna ta lissafin siyasa, su Inna kuwa tambayarsu ɗaya ce: wace ce matarsa, kuma me za ta kawo wa mata? Ai sun saba. Maryam Babangida ta zo da shirin Better Life a 1987, Maryam Abacha ta biyo da Family Support a 1994, kowacce da taronta da ankonta. To wannan karon sai aka ji shiru. Har mijin ya miƙa mulki ga Obasanjo ranar 29 ga Mayu 1999, da yawa cikin matan ƙauyenmu ba su san ko sunanta ba.

Sunanta Mai Shari'a Fati Lami Abubakar, haifaffiyar Minna a 1951. Ta yi karatun lauya a Jami'ar Ife, can ƙasar Yarabawa, a zamanin da 'yar Arewa ko sakandare ta gama sai an yi ta nuna ta da baki. Ta yi aiki a Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Neja, a 1989 aka naɗa ta alƙaliyar Babbar Kotu. Kun ga ke nan shekara tara tana kan kujerar shari'a kafin mijinta ya hau ta mulki. Da ya hau ba ta ajiye aikinta ba, da ya sauka kuma ta ci gaba da abinta. A 2013, zamanin Gwamna Mu'azu Babangida Aliyu, ta zama Alƙaliyar Alƙalan jihar, ta yi ritaya a 2016 da ta cika shekara 65.

Amma ni abin da ya fi tsaya min shi ne ƙungiyar da ta kafa a 1999, wato WRAPA, mai tsaya wa matan da ba su da kuɗin ɗaukar lauya. Ba ta rataya ta a ofishin matar shugaban ƙasa ba, shi ya sa ba ta mutu da saukar mijinta ba.

Kun tuna Amina Lawal, bazawarar nan ta Jihar Katsina? A Maris 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa saboda ta haihu ba aure, kotun Funtuwa ta tabbatar a watan Agusta. Duniya ta ɗauka, Turawa na ta hayaniya. To wallahi ba hayaniyar ce ta yi magana a gaban alƙalai ba. WRAPA na cikin waɗanda suka tsaya mata da lauyoyi, kuma da littattafan Malikiyya aka kare ta: cewa mai iƙirari yana da damar janye maganarsa, cewa alƙali ɗaya ne ya zauna alhali doka ta ce uku, sannan ga batun kwantaccen ciki, wanda malamanmu suka ce yana iya kai shekaru bayan rabuwar aure. Ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta, alƙalai huɗu cikin biyar.

Na san wata za ta ce, ke Hajiya marubuciya, ai 'yar gata ce, ga ilimi ga miji janar, ina ruwan biri da gada? Gaskiyarki, ban musa ba. Ni kaina daga sakandare aka ce ya isa haka. Amma 'yan gata nawa muka gani da suka ƙare a sayen gwal da yawon Dubai?

Abin da ya sa na ɗauko zancen nan, Goggona ce. Mijinta ya rasu ya bar gonaki biyu da shanu, ƙannensa suka raba a zaure ba tare da an kira ta ba. Ko tumunin takabarta, kashi ɗaya cikin takwas da Allah Ya yanka mata, ba ta gani ba. Na ce Goggo mu je gaban alƙali, ta riƙe haɓa ta ce, "Ni 'yar nan? In kai dangin uban 'ya'yana ƙara? Wane ido zan kalli gari da shi?" Shekara shida ke nan tana surfe da wankau.

Autarta ce ta gama sakandare bana, ta ce ita lauya take son zama. Baffanninta, waɗancan dai da suka raba gonakin, sun ce sun riga sun karɓi kuɗin gaisuwa. Jiya da daddare na karanta wa Goggo wannan rubutun tun kafin in kai shi maɗaba'a a Kano. Ta yi shiru har na zaci barci ya ɗauke ta, can sai ta ce, "Ita wannan alƙaliyar, da aurenta ta yi ta aikin?" Na ce ƙwarai kuwa, har da 'ya'ya. Ta ce in tambayo mata nawa ne kuɗin jarrabawar shiga jami'a.