La'adar Gaskiya a Kasuwar Kifi ta Baga Road

Tun kafin wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, bandar Tafkin Chadi na tasowa daga Doron Baga ta sauka Maiduguri, daga nan manyan motoci su kwashe ta zuwa Anacha, Inugu da Legas. Ɗan kasuwar da ya zo daga kudu ba zai zazzage kwali ɗari ya duba ɗaya bayan ɗaya ba. To, wa zai gaya masa cewa tarwadar da ke sama ita ce har ƙasa, ba gari da ƙwari aka danne ba?

Dillali ne, ko fatoman da ya sauke shi a gidansa. Na taso ina jin manya na cewa dillali ba kifi yake sayarwa ba, bakinsa yake sayarwa. In ya ce kaya na da kyau, aka kai Anacha aka tarar da ruɓaɓɓe, maganar kansa za ta dawo: ko a rage kuɗi, ko ya rasa baƙon, ya rasa waɗanda baƙon zai kawo. Mafi yawan cinikin kuwa bashi ne. Ba wai dillalai waliyyai ba ne, Allah na tuba; ƙarya ce ke da tsada.

Rikicin Boko Haram ya girgiza wannan tsari. An kai wa Baga hari a Janairun 2015, bam ya tashi a kasuwar Baga Road kanta da ke Maiduguri ranar 7 ga Maris, sojoji kuma suka hana safarar kifi na tsawon shekaru. Labarin hanya ya koma waya. Wani ya tura murya a WhatsApp cewa an rufe hanya, farashi ya ɗaga, shi ko sisi bai rasa ba.

A intanet ma abin ya fi haka lalacewa, don yawan kallo ake biya. Kamfanin X ya fara raba wa masu rubutu kuɗin talla a 2023, sai a watan Oktoba mai kamfanin, Elon Musk, ya sanar cewa duk rubutun da jama'a suka yi wa gyara ba zai samu ko kwabo ba. A ganina dabarar dillalanmu ce, amma rabinta: an hana maƙaryaci la'ada, ba a sa shi biyan asarar wanda ya yaudara ba.