Ƙwaro, Filit da Faci: Sunayen Farautar Kuskure a Manhaja

Masu gyaran waya a Agege, da takwarorinsu na kasuwar Computer Village da ke Ikeja, sun kasa ciwon waya gida biyu. Akwai na jiki: gilashi ya fashe, batir ya kumbura, ramin caji ya saki. Akwai kuma wanda ido ba ya gani, wanda suke cewa "matsalar sofwaya ce". Idan na biyun ne, mai gyara yakan shiga saitin wayar Android, ya danna lambar ƙirar manhajar sau bakwai, wata ɓoyayyiyar ƙofa ta buɗe, ya kunna abin da aka rubuta wa USB debugging, sannan ya jona wayar da kwamfuta. Tun 2012, da fitowar Android 4.2, kamfanin Google ke ɓoye wannan ƙofa don kada wanda bai iya ba ya shiga ya yi ɓarna. Manhajar da ke isar da magana tsakanin kwamfutar da wayar kuwa sunanta Android Debug Bridge, ana taƙaita shi adb. Ma'anarsa, gadar cire ƙwaro.

To wane ƙwaro? Me ya kawo ƙwaro cikin lissafi?

Labarin da ya fi yawo shi ne na ranar 9 ga Satumba, 1947. Ma'aikatan wata ƙatuwar na'urar lissafi mai suna Mark II, a Jami'ar Harvard ta Amurka, sun ga tana ba da amsa ba daidai ba. Da suka bincika, sai suka iske faɗa-wuta ya maƙale a ɗaya daga cikin makunnanta. Suka ciro shi, suka liƙa shi da salatif a littafin aikin ranar, suka rubuta cewa wannan ne karon farko da aka kama ƙwaro na gaske. Littafin yana nan a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington, kuma Grace Hopper, wadda ta yi aiki da na'urar, ita ta yi ta ba da labarin har ya zaga duniya. Sai dai wanda ya lura da kalmar "na gaske" zai gane barkwanci suke yi da sunan da suka riga suka saba da shi. Tun 1878 Thomas Edison ya rubuta a wata wasiƙa cewa ƙananan matsalolin da ke fitowa a sabuwar ƙirƙira ana kiransu bugs, wato ƙwari. Ashe sunan ya girmi faɗa-wutan Harvard da kusan shekara 70.

Da aka yarda cewa ƙwaro ne, sai aka shiga neman maganinsa, kuma a nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. A ƙarshen shekarun 1950, a cibiyar fasaha ta MIT, Jack Dennis da Thomas Stockham sun rubuta wa kwamfutar TX-0 manhajar binciken kuskure, suka raɗa mata FLIT. A takarda, haruffan taƙaitawa ne na wani dogon suna da ya shafi keken rubutu na Flexowriter. A zahiri kuwa tsokana ce: Flit sunan maganin sauro ne da kamfanin man Standard Oil na New Jersey ya fitar a 1923, wanda ya shiga kasuwannin duniya har ya zama kalmarmu ta "filit". Uwar da ke cewa yaro ya yi wa ɗaki filit kafin magariba a Zangon Agege, sunan ɗaya daga cikin tsofaffin manhajojin binciken kuskure take ambata.

A 1961 wani ɗalibin MIT, Alan Kotok, ya yi wa kwamfutar PDP-1 irin wannan manhaja, aka kira ta DDT. Wannan ma sunan shahararriyar gubar ƙwari ne, wadda Paul Müller na Suwizalan ya samu kyautar Nobel a kanta a 1948. Amurka ta hana fesa gubar a gonaki a 1972, amma sunan ya ci gaba da rayuwa a kwamfutocin kamfanin DEC shekaru bayan nan. Al'adar ba ta mutu ba: Bugzilla, rajistar da Mozilla ta saki a 1998 don lissafa kurakurai, da Firebug, da Joe Hewitt ya fitar a 2006 don leƙa cikin shafukan intanet, duk ƙwaron nan ne a bakinsu. Da a Legas aka fara sana'ar, da wataƙila yau muna da manhaja mai suna Fiya-fiya.

Ita ma kalmar gyaran tana da dangi a Hausa. Lokacin da ake rubuta umarni ta hanyar huda ramuka a doguwar takarda, idan an huda inda bai kamata ba, sai a liƙe ramin ko a yanke wurin a dasa sabo. Wannan shi ne patch, kalmar da ta ba mu "faci" na mai facin taya. A 1985 Larry Wall ya rubuta manhaja mai wannan suna, wadda ke ɗaukar bambancin da ke tsakanin tsohon rubutu da sabo ta ɗinka shi a gurbinsa. Har gobe, yawancin saƙon "sabunta manhaja" da ke shigowa waya faci ne. A nan ba mu da aikin ƙirƙirar sabuwar kalma a Hausa. Kalmar tana hannunmu tuntuni.

Matsalar tana ga ƙwaron ne. Masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya yi suka a 1988 cewa kiran abin da ƙwaro yaudarar kai ce, domin yana nuna kamar wata halitta ce ta lallaɓo ta shiga yayin da mai rubutu ya juya baya, alhali shi ya sa kuskuren da hannunsa. Ya nemi a riƙa kiransa kuskure kawai. Injiniyoyin manhaja ma sun raba abin kashi uku, kuma Hausa na da kalma ga kowanne. Akwai kuskure, wanda mutum ya yi a tunaninsa. Akwai aibu, wanda kuskuren ya bari kwance a cikin rubutun umarni, wani lokaci shekaru ba wanda ya sani. Akwai tangarɗa, ranar da aibun ya farka ya hana aiki. Rokar Ariane 5 ta Turai misali ce: a ranar 4 ga Yuni, 1996, ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashinta, saboda an ɗauko manhajar Ariane 4 an ɗora mata, wata lamba ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata. Zaton cewa tsohon lissafi zai ishi sabuwar roka shi ne kuskuren, ƙaramin gurbin shi ne aibun, fashewar ita ce tangarɗar. Kalmar ƙwaro ta haɗiye ukun gaba ɗaya.

Sannan idan aka dubi yadda kayan aikin suka bunƙasa, babu wanda ya taɓa yin aikin filit. Ba sa kashe komai. Nunawa suke yi. Dubi GDB, wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986 a ƙarƙashin shirin GNU, kuma masu sa kai daga ƙasashe daban-daban ke ci gaba da inganta ta har yau. Ainihin aikinta shi ne ta tsayar da manhaja a layin da aka zaɓa, ta bar ka ka duba abin da ke cikin ma'ajiyarta a wannan lokacin, sannan ta ci gaba taki ɗaya-ɗaya. Wannan wurin tsayawa shi ake kira breakpoint, kuma ana jingina sunan ga Betty Holberton, ɗaya daga cikin matan da suka tsara aikin na'urar ENIAC, a zamanin da tsayar da lissafi ke nufin zare waya daga jikin na'ura. A 2009, fitowar GDB 7.0 ta zo da sabon abu: ana iya taka manhaja da baya, daga inda ta faɗi zuwa inda ƙafarta ta fara zamewa. Ashe karin maganarmu ta neman inda aka yi tuntuɓe maimakon inda aka faɗi ta zama maɓalli a kwamfuta. Haka Valgrind, da Julian Seward ya fitar a 2002 ya kuma ciro sunanta daga tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai, gadi take yi a bakin ma'ajiya, tana faɗin wanda ya ari wuri bai mayar ba. Kowane ci gaba a wannan fanni ƙarin gani ne, gyaran kuwa yana nan a wuyan mutum.

Saboda haka, idan malaman kwamfuta da masu fassara manhajoji za su tsayar da kalmar Hausa, ina ganin a bi aikin, kada a bi barkwancin Harvard. "Maganin ƙwari" zai sa ɗalibi ya zaci akwai maɓallin da zai danna matsala ta mutu. "Gyara" kuma ya yi faɗi, ya haɗa har da canjin gilashi. Abin da ake yi a zahiri bin sawu ne: an ga ɓarna, ana komawa baya taki-taki har a isa inda ta faro. Aikin sai a kira shi bin sawun kuskure, manhajar kuma mabiyar sawu, inda ake tsayar da ita ya zama zango, abin da aka ɗinka a ƙarshe ya ci gaba da zama faci. Yaron da ya koyi sana'ar da waɗannan kalmomi zai fara da tambayar da ta dace, wato "a ina na kuskure?", kuma wanda ya iya wannan tambaya ya yi rabin aikin kafin ya taɓa kwamfuta.