Damargu Tsakanin Teku Biyu da Babban Birni Mai Nisa

Damargu, ƙasar da a yau ta ƙunshi yankunan Tanut da Belbeji a jihar Damagaram, tana nesa da kowace gaɓar teku da fiye da kilomita 1,000. Duk da haka, babu abin da ya juya arzikinta kamar teku. In an tambayi dalilin da ya sa ƙasar da ta taɓa ciyar da Azbin ta koma cikin masu jiran agaji, amsar da ke saurin zuwa baki ita ce fari. Fari ya yi ɓarna, babu musu, amma ya tarar da ƙasar an riga an raunana ta. Abu biyu ne suka raunana ta, kuma duk daga nesa aka yanke su: gaɓar tekun da kasuwar Kano ta fuskanta, da garin da aka ajiye kujerar mulkin Nijar.

A ƙarni na 19 tekun da ya shafi Damargu na arewa ne. Fataucin Kano yana bi ta Damagaram da Damargu da Azbin, ya ratsa Gat da Gadamus, ya ƙare a Tarabulus, bakin Bahar Rum. Damargu ce ƙasar noma ta ƙarshe kafin a shiga hamada, don haka babu ayarin da zai tsallake ta. Manomanta, Dagira da Hausawa da sauransu, suna cika rumbuna da gero. Buzayen Kel Ewe suna saye su labta wa raƙuma, wani a kai Agadas, wani a kai Bilma da Fashi a musanya da kantun gishiri da dabino, gishirin kuma ya gangaro kasuwannin ƙasar Hausa. Jajiduna ta zama zango mai suna saboda wannan zirga-zirga. Ta nan gashin jimina da jemammun fatu da hauren giwa ke wucewa arewa, tufafi da takarda da sukari suna gangarowa kudu. Ko Baturen nan Heinrich Barth, da ya taso daga Tarabulus a 1850, a Damargu ya rabu da abokan tafiyarsa a watan Janairun 1851, shi ya nufi Kano, Richardson, ɗaya daga cikinsu, ya nufi Damagaram, domin a nan hanyoyi ke rarrabuwa.

Shekarar 1911 ce ta karya wannan tsari ta fuska biyu. A cikinta Italiya ta mamaye Tarabulus, yaƙi ya toshe ƙofar arewa, kuma a cikinta layin dogo ya iso Kano. Kayan da raƙumi ke shafe watanni kafin ya kai bakin teku, jirgin ƙasa ya kai su cikin ƴan kwanaki, a kan kuɗin da madugu ba zai iya karɓa ya ci riba ba. Kano ta juya fuska kudu, Damargu da ke tsakiyar hanya ta wayi gari a gefe. Yunwar kakalaba ta biyo baya a 1913 zuwa 1914, sannan tawayen Kawusan na 1916 zuwa 1917, wanda Faransawa suka murƙushe da kisa da ƙwace raƙuma, har Azbinawa da yawa suka yi ƙaura kudu. Mai sayen geron Damargu mafi girma ke nan ya talauce.

Da kujerar mulki ta zauna kusa, da an sami mai neman wa ƙasar wata mafita. Damagaram ce hedkwatar mulkin Faransa a Nijar tun daga 1911, kuma tsakaninta da Tanut kilomita kamar 150 ne. A 1926, zamanin gwamna Jules Brévié, aka mayar da hedkwatar Yamai, wajen kilomita 900 yamma. Dalilan da ake bayarwa ba na banza ba ne: Damagaram na fama da ƙarancin ruwa, Yamai kuwa tana bakin Kwara. Amma akwai lissafin teku a ciki. Damagaram ta yi kusa da Kano, wadda ke hannun Ingilishi, kuma tashar ruwanta ta zahiri Ikko ce. Yamai kuwa tana kallon Dahome (Benin ta yau), ƙasar Faransa, wadda jirgin ƙasarta daga Kwatano ya isa Paraku a 1936. Daga 1953 har tallafi aka riƙa bai wa masu motocin dako don gyaɗar Nijar ta bi ta Dahome maimakon Kano. Bayan samun ƴanci ma ba a sake zani ba: da aka tashi shimfiɗa kwalta don fitar da yuraniyom daga Arlit a ƙarshen shekarun 1970, ta Tawa aka bi zuwa Kwatano, aka bar tsohuwar hanyar Agadas zuwa Tanut zuwa Damagaram a baya.

Mai ja da wannan magana zai ce arzikin zamanin ayari ba na talaka ba ne, domin bayi na cikin abin da ake kora arewa, kuma manomi na biyan gandu ga Buzayen da ke kare shi ko ke tsorata shi. Gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai yi kewar wannan. Sai dai mutuwar zalunci daban, mutuwar kasuwa daban. Ana iya hana bauta a bar wa manomi mai sayen hatsinsa. Wani kuma zai ce farin 1973 da na 1984 sun isa su durƙusar da kowace ƙasa. Amma ƙarancin ruwan sama ba baƙo ba ne a Damargu. A da, rumbun shekarar albarka da cinikin Azbin ne ke ɗaukar nauyin shekarar tsanani. Bambancin shi ne farin baya-bayan nan ya tarar da ƙasa marar hanya mai kyau, nesa da masu yanke hukunci.

Abin da ake gani a zamaninmu ya ƙara tabbatar da haka. Matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 a kan hanyar Damagaram zuwa Tanut tana iya tace ganga 20,000 a rana, amma babban bututun ɗanyen mai daga Agadem, mai tsawon kusan kilomita 2,000, gaɓar tekun Benin ya nufa a 2024. Da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, makiyayin Tarka ko Gangara, wanda shanunsa da raƙumansa ke samun daraja a kasuwannin ƙetaren iyaka irin su Maigatari, ya biya kuɗin rikicin da ba shi ya haddasa ba. Saboda haka duk mai son farfaɗo da Damargu ya fara da mayar mata da matsayinta na mahaɗa: ingantacciyar hanya daga Agadas zuwa Kano, iyaka a buɗe ga hatsi da dabbobi, da ikon kashe kuɗin jiha a hannun waɗanda ke zaune cikinta. Ruwan sama sai Allah, amma hanya da iyaka da kasafi mutane ne suka tsara su, mutane kuma ke da alhakin gyara su.