MAI SHARAR SILIMA DA YA ƘIRƘIRO FRANK SPENCER

Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1980, ko a gidansu akwai talabijin ko kuwa irinmu ne masu leƙe ta tagar maƙwabta, da wuya a ce bai san Frank Spencer ba. Baturen nan ne siriri mai hular beret da doguwar rigar ruwa, wanda in ya taɓa ƙofa sai ta ɓalle, in ya shiga ofis neman aiki sai ya bar manajan yana sambatu. Tashar NTA ta daɗe tana nuna shi, mu kuwa muna ta ƙyaƙyata dariya alhali rabin Turancin ba ji muke ba. Sunan shirin Some Mothers Do 'Ave 'Em, wato kamar Bahaushe ya dubi wani shashasha ya girgiza kai ya ce, wasu iyayen dai sun haifa.

To amma in ka tambayi mutum ɗari daga cikinmu wane ne ya rubuta wannan wasa, ban jin za ka sami ko ɗaya da zai amsa. Ni kaina sai da na girma na fara rubutu sannan tambayar ta zo mini a rai. Sunansa Raymond Allen, kuma lokacin da ya rubuta shi, shara yake yi a gidan silima.

An haife shi a 1940 a garin Ryde da ke tsibirin Wight, can kudancin Ingila. Bai yi jami'a ba. Yana ɗan shekara 16 ya bar makaranta ya kama koyon aikin jarida a wata ƙaramar jaridar tsibirin, bai daɗe ba ya bari, ya shiga rundunar sojan sama. Da ya fito sai ya dawo gida ya shiga ƙananan ayyuka, wankin kwanuka a otal-otal, daga baya kuma shara a silimar Regal da ke garin Shanklin. Duk wannan lokaci yana rubutu. Kuma ba wasan ban dariya yake rubutawa ba, a'a, shi a ransa marubucin manyan wasanni ne masu sa tunani. Ya rubuta wajen guda 40, yana aikawa ana dawo masa da su. Wanda bai taɓa kai rubutu an dawo masa da shi ba, ba zai san nauyin wannan adadi ba. Ni uku aka taɓa mayar mini, sai da na yi wata biyu ban ɗauki biro ba.

Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai ya juya ga barkwanci. Ya fara sayar da 'yan gajerun rubuce-rubuce ga masu ban dariya irin su Frankie Howerd da Dave Allen, sannan ya gwada cikakken wasa. Na farko gidan talabijin na ITV ya ƙi karɓa. Na biyun ne ya faɗa hannun Michael Mills na BBC, mutumin da ya san kan wasan ban dariya, domin yana cikin waɗanda suka tsaya wa shirin Dad's Army tun farkonsa. Mills ya karanta ya ga akwai abu a ciki, ya nemi a ƙaro wasu, kuma shi da kansa ya zama furodusan shirin.

A nan ya kamata mai karatu ya san wani abu game da yadda Turawan Ingila ke aikinsu. A Amurka akan tara marubuta da yawa a ɗaki guda su yi ta fitar da shiri ɗaruruwa. A Ingila kuwa mutum ɗaya ne ko biyu ke rubuta komai, shi ya sa zango guda bai cika wuce kashi shida ko bakwai ba. Fawlty Towers da John Cleese da Connie Booth suka rubuta kashi 12 ne kacal. Mista Bin da yaranmu ke so, wanda Rowan Atkinson da Richard Curtis suka ƙirƙira aka fara nunawa a 1990, kashi 15 ne. Sai dai su Cleese da Atkinson da Curtis 'yan manyan jami'o'i ne, Kambirij da Okusfod, inda tun suna ɗalibai masu neman sabbin 'yan wasa ke zuwa kallonsu. Allen ba shi da wannan gata. Ajinsu ɗaya da John Sullivan, wanda yana aikin ɗaukar kayan dandali a BBC ya miƙa wa wani furodusa rubutunsa, daga baya ya rubuta Only Fools and Horses a 1981.

Samun wanda zai fito a Frank ma sai da aka sha wuya. An kai wa Norman Wisdom ya ƙi, an kai wa Ronnie Barker shi ma ya ƙi, kuma dukansu manya ne a lokacin. Sai aka dace da Michael Crawford, wanda ya riga ya fito a fim ɗin Hello, Dolly! na 1969. Aka haɗa shi da Michele Dotrice a matsayin matarsa Betty, baiwar Allah mai haƙurin da ko a littattafanmu na soyayya ba mu cika ƙirƙirar irinta ba. Ranar 15 ga Fabrairun 1973 aka nuna kashi na farko.

Abin da ya ɗaga shirin sama shi ne kasadar Crawford, domin shi da kansa yake yin abubuwan haɗarin, ba ya yarda a sa wani a madadinsa. Wa zai manta da ranar da motarsa ta tsaya a bakin dutse, shi kuma yana reto a jikin bayanta, teku na can ƙasa? Ko ranar da ya sa takalmin taya ya kasa tsayawa, ya fito titi, ya kama bayan bas, ya sunkuya ya wuce ta ƙarƙashin babbar mota, bai tsaya ba sai cikin kantin kayan jarirai? A Ingila masu kallo sun haura miliyan 20. Ko kiɗan buɗe shirin akwai dabara a cikinsa, Ronnie Hazlehurst ya tsara shi da sarewa biyu, yana bin alamomin waya irin na tangarahu waɗanda in ka fassara su sunan shirin suke rubutawa.

Amma fa a ganina kasada kaɗai ba ta isa ta riƙe mutane shekara da shekaru ba. Abin da ya sa ba mu tsani Frank ba duk da ɓarnarsa shi ne ba mugu ba ne. Kullum da kyakkyawar niyya yake tashi, yana son ya ciyar da matarsa, daga baya da 'yarsa Jessica, yana riƙe da mutuncinsa ko an kore shi daga aiki sau goma. Dubi kashin da suka sauka a otal, ya tashi gyara ƙaramar matsala a ɗakin, kowane gyara ya haifi ɓarnar da ta fi ta farko, har ya huda daɓen ɗakin. Wannan jeri na musiba bayan musiba a takarda aka gina shi. Kuma wanda ya san zafin a ce maka ba ka iya ba sau 40, shi ne zai iya rubuta mutumin da duniya ke ta kora yana dawowa.

Daga nan sai ɗa ya fi ƙarfin ubansa. Crawford ya sa wa Frank murya da tafiya da yatsina fuska, har jama'a suka daina bambance su. Bayan zango biyu a 1973 da shirin Kirsimeti na 1974 da 1975, sai aka yi shiru, domin Crawford na gudun kada Frank ya haɗiye shi. Da aka dawo zango na uku a 1978, sai ga shi an rubuta cewa labaran na Crawford ne, Allen kuma ya mayar da su wasa. Duk marubucin da ya taɓa ba 'yan fim labarinsa ya san wannan wuri. Wani furodusa ya taɓa karɓar nawa, da fim ɗin ya fito sai da na tsayar da kaset sau biyu kafin na hango sunana a ƙasan na mai ɗinki. Shi dai Allen an bar masa sunansa a kowane kashi, kuma haƙƙinsa bai salwanta ba.

An rufe shirin ranar Kirsimeti ta 1978, kashi 22 gaba ɗaya. Crawford ya wuce gaba, a 1986 ya fito a wasan dandalin The Phantom of the Opera, ya ci manyan kyaututtuka a Landan da Niyok. Allen ya ci gaba da rubuta wa wasu masu barkwanci irin su Little and Large da Jimmy Cricket, amma bai sake samun shirin da ya kama ƙafar na farko ba. Bai koma Landan da zama ba, ya ci gaba da rayuwarsa a tsibirin da aka haife shi. A 2016 Crawford da Dotrice suka sake fitowa a ɗan gajeren kashi domin tara kuɗin taimako, a 2018 kuma aka mayar da labarin wasan dandali, Joe Pasquale ya fito a Frank. Raymond Allen ya mutu a watan Oktoban 2022, yana da shekara 82.