Darasin kekunan Schwinn ga masu kai aiki Chaina

A 'yan shekarun nan yawan mutanenmu masu tura aiki ƙasar waje ya ƙaru. Wani ya kai samfurin atamfa Guangzhou a buga masa, wani takalmi, wani kwalin zuba kaya mai ɗauke da sunan shagonsa. Lissafin da ake yi guda ne: can ya fi araha. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo tarihin wani kamfanin kekuna na Amurka da ya yi irin wannan lissafi tun kafin yawancinmu mu fara ciniki.

Wani Bajamushe mai suna Ignaz Schwinn ne ya kafa kamfanin Schwinn a birnin Shikago a 1895. Zuwa shekarun 1950, kusan keke ɗaya cikin kowane huɗu da ake sayarwa a Amurka nasu ne. Yadda dattawanmu ke ambaton Raleigh, haka Amurkawa ke ambaton Schwinn. Kuma a masana'antarsu ta Shikago suke ƙera kayansu, tun daga gangar jiki har fenti.

Amma masana'antar ta tsufa. Injinanta na ƙera kekuna masu nauyi ne, alhali a shekarun 1970 masu saye sun fara komawa ga marasa nauyi irin na Japan da Turai. Iyalan Schwinn ba su zuba kuɗin sabunta ta ba. Abin da suka yi shi ne suka fara ba da kwangila a waje, da farko a Japan, sannan a 1977 suka ba wani ƙaramin kamfani na Taiwan mai suna Giant, wanda King Liu ya kafa a 1972. A lokacin ba wanda ya san Giant a wajen Taiwan.

A ƙarshen 1980 ma'aikatan Shikago suka shiga yajin aiki na kimanin wata uku. Shugabannin kamfanin suka ƙara wa Giant oda don kada shaguna su zauna babu kaya, Giant kuwa ya cika alkawari. Daga nan hankalinsu ya kwanta da Taiwan. Cikin shekara uku aka rufe masana'antar Shikago. Sun buɗe wata a Greenville ta jihar Mississippi, amma ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba, ita ma aka rufe ta a 1991.

Ga inda maganar take. Schwinn bai tsaya ga aika oda ba. Ya tura injiniyoyinsa Taiwan, ya ba da zanen kekunansa, ya nuna irin ingancin da mai saye a Amurka yake nema. Dole ce ta sa, domin in kana son a yi maka kaya daidai da naka, sai ka koya wa mai yin. Zuwa tsakiyar shekarun 1980, Giant ne ke ƙera mafi yawan kekunan da ke ɗauke da sunan Schwinn. A takarda Schwinn ne maigida, Giant yaro. A zahiri kuwa ilmin aikin da injinan da ma'aikatan duk sun koma gidan yaron, maigida sai suna da dillalai.

Da Schwinn ya ga ya dogara da hannu ɗaya, sai ya nemi mafita ta hanyar sayen hannun jari a wani kamfanin kekuna da ke Shenzhen a ƙasar Chaina. Giant ya fahimci cewa babban mai sayen kayansa na shirin juya masa baya, shi ma ya yi wa kansa tanadi. Ya shiga kasuwar Turai da sunansa a 1986, ya shiga ta Amurka a 1987, yana tallata wa dillalai keken da ya fito daga masana'anta ɗaya da na Schwinn, a farashi mai sauƙi. A 1992 Schwinn ya shiga kotu ya bayyana karayar arziki. Cikin manyan waɗanda ke bin sa bashi akwai Giant da wancan kamfanin na Shenzhen. Sunan Schwinn yana nan har yau a jikin kekuna, amma ya bar hannun iyalan da suka kafa shi tun 1993. Giant kuwa yana cikin manyan masu ƙera keke a duniya.

Kada wani ya ce to ai ba da aiki waje ne ya kashe su, shi ke nan. Ba mu yarda da wannan ba. A 1981 wani ƙaramin kamfani na Kaliforniya mai suna Specialized ya fito da keken hawan duwatsu, kuma a Japan aka ƙera masa shi. Schwinn ya yi jinkirin ɗaukar wannan sabon keke da muhimmanci har kasuwa ta wuce shi. Nike ma da takalman Japan ya fara ciniki a 1964, kuma har yanzu masana'antun wasu ne ke ɗinka masa a Vietnam da Indonesiya da Chaina. Bambancin shi ne waɗannan sun riƙe zane da sanin abin da mai saye ke so a hannunsu, Nike kuma ya rarraba aikinsa ga masana'antu da yawa. Schwinn ya saki aikin hannu a daidai lokacin da ya daina gane kasuwarsa, sai ya zama ba shi da abin da Giant ba zai iya yi da kansa ba.

Mun ga makamancin wannan a gida. Masaƙar KTL ta Kaduna ta fara aiki a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964. Matsalar wuta da tsadar man injin da fasa-ƙwauri suka durƙusar da su, UNTL ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007. A tsakanin nan, musamman bayan Chaina ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, 'yan kasuwarmu suka riƙa ɗaukar samfurin atamfa da shadda zuwa can. Mu ne muka nuna musu launin da amarya ke so a lefe da zanen da ke tafiya lokacin salla. An samu riba, ba a musu, gidaje da yawa da ita aka gina su. Amma ba a daɗe ba masu buga kayan suka gane hanya, suka zo Kano da kansu suka kama sito. Koken 'yan Kantin Kwari ya yi yawa har a 2012 jami'an shige da fice suka kama wasu 'yan Chaina da ke ciniki a kasuwar.

Akwai kuma wani abin da mu muke fuskanta. Mu da dala ko yuwan muke biyan masana'anta, da naira muke karɓa a shago. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ba da kafin alƙalami a wancan lokaci, ragowar kuɗin da zai cika da kuɗin fito a tashar Apapa sun same shi a wani farashi daban, kuma wanda ya yi alkawarin sayen kayan ba zai ƙara masa ko sisi ba.

Saboda haka idan ɗan'uwa ya zo neman shawara ko rance daga asusun ƙungiya don kai aiki waje, ba a kan arahar za mu fara ba. Za mu tambaye shi ko ya yi rajistar sunan kayansa a Abuja, ko masana'anta nawa ya gwada, wa zai duba masa kayan kafin a rufe kwantena, da kuma abin da zai hana mai buga masa kayan ya sayar wa maƙwabcinsa irinsu a wata mai zuwa. Wanda yake da niyyar tafiya bana ya zo da amsoshin nan a rubuce ranar taron wata.